Ka Sayi Faifan Tera 1, Kwamfuta Ta Nuna Giga 931: Yadda Ake Gano Inda Sauran Ya Shiga

Mutum zai tara kuɗinsa ya sayi sabon faifan ajiya na kwamfuta, kwali ya ce 1TB, ya zo gida ya jona, kwamfuta ta ce 931GB. Wani mai tera 4 ya saya, ya tarar da tera 2 kacal. Wani kuma nasa ya fi tayar da hankali, faifan tera guda ne amma giga 32 yake gani. Dukkansu kuka ɗaya suke yi, cewa an rage musu kaya, alhali dalilan sun sha bamban. Na farkon lafiyar faifansa ƙalau, ko bait ɗaya, wato ɗan ƙaramin ma'aunin bayanai na kwamfuta, bai ɓace ba. Na biyu da na uku gyara ne na 'yan mintoci. Akwai na huɗu wanda ba ya ma ƙorafi, don nasa faifan yana nuna girma cif-cif, kuma sau da yawa shi ne wanda aka cuta.

Kafin komai, kada ka yi wa faifan fomatin, kada ka koma shago da faɗa, kada ka yar da kwali da rasit. Kada kuma ka kwashe hotunan bikin mutane ko ayyukan ofis ka zuba a kai ka goge na asali. Bari sai ka gama binciken nan.

Mataki na 1: Fara da kalkuleta

Kamfanonin da ke ƙera faifai, irin su Seagate da Western Digital da Toshiba, da dubu-dubu suke ƙirga. A wurinsu kilo ɗaya bait 1,000 ne, mega kilo 1,000, giga mega 1,000, tera kuma giga 1,000. Wato tera ɗaya bait 1,000,000,000,000 ke nan. Windows kuwa da 1,024 take ƙirga kowane hawa, saboda lissafin kwamfuta a kan ninkin biyu-biyu aka gina shi, kuma 1,024 ce lambar ninkin da ta fi kusa da dubu. Gigan Windows ya zama bait 1,073,741,824. Ka ga gigarta ta fi ta kamfani girma.

Kamar buhun gero ne guda. Mai sayarwa ya auna maka da ƙaramin kwano, kai kuma ka zo gida ka auna da babba. Yawan kwanukan da za ka ƙirga zai ragu, amma ko ƙwaya ɗaya ba ta zube a hanya ba.

Ga yadda za ka tabbatar da kanka. Ɗauki girman da ke jikin kwali a giga, ka ninka da 0.9313. Abin da ya fito shi ya kamata Windows ta nuna, ko abin da ya yi kusa da shi sosai:

- 120GB zai nuna kusan 111GB
- 240GB zai nuna kusan 223GB
- 256GB zai nuna kusan 238GB
- 500GB zai nuna kusan 465GB
- 512GB zai nuna kusan 476GB
- 1TB zai nuna kusan 931GB
- 2TB zai nuna kusan 1,863GB, wato 1.81TB
- 4TB zai nuna kusan 3,726GB, wato 3.63TB
- 8TB zai nuna kusan 7.27TB

Lura da cewa giɓin yana ƙaruwa ne da girman faifai. Idan da giga ake nuna maka, ragin ya kusa kashi 7 cikin 100. Idan da tera ne, ya haura kashi 9. Shi ya sa a zamanin ƙananan faifai mutane ba su cika damuwa ba, amma yau mai faifan tera 8 zai ga kamar an yanke masa abin da ya fi giga 700, dole ransa ya sosu. Akwai kuma SSD, wato faifan da babu abin da ke juyawa a cikinsa, da ake kira tera 1 amma giga 1,024 ne a ƙirgar kamfani. Irinsu suna nuna 953GB, shi ma daidai ne.

Wannan rikici ba yau ya fara ba. Tun 1998 hukumar IEC mai tsara ma'aunan kayan lantarki ta duniya ta fitar da sunaye na daban ga ƙirgar 1,024, wato KiB da MiB da GiB da TiB, don a daina cakuɗa su da na dubu. Windows ba ta bi ba, har yau GB take rubutawa. Apple ya koma ƙirgar dubu a 2009 da fitowar Snow Leopard, don haka faifan da Windows ta kira 931GB, idan ka jona shi a Mac zai ce maka 1TB. A Amurka har kotu aka je: Western Digital ya yi sulhu da masu ƙara a 2006, Seagate a 2007. Duba kwalinka da kyau, za ka ga ƙaramin rubutu a gefe ko a ƙasa yana cewa 1GB bait biliyan ɗaya ne. A ganina, da Microsoft ya gyara wannan tun tuni, da an huta da rigingimu masu yawa tsakanin mai shago da kwastoma, don galibi dukkansu babu mai laifi.

Idan lambarka ta dace da jerin nan, babu abin gyarawa, kuma babu manhajar da za ta "dawo" maka da giga 69. Duk wanda ya ce ka biya shi ya buɗe maka su, kuɗinka kawai yake so. Tsallake zuwa mataki na 7 ka gwada ingancin faifan. Idan kuwa giɓin ya wuce haka nesa, ci gaba.

Mataki na 2: Duba faifan a inda ake ganinsa gaba ɗaya

Kuskuren da aka fi yi shi ne dogaro da This PC. Abin da ke nan ba faifai ba ne, sassan da aka yanka daga jikinsa ne aka ba su haruffa, C da D da E. Duk sashen da ba shi da harafi, ko filin da ba a yanka ba tukuna, ba zai fito a nan ba ko da ya kai tera biyu.

Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta wannan a akwatin da ya fito, ka danna Enter:

diskmgmt.msc

Tagar Disk Management za ta buɗe. Rabin ƙasa shi ne abin dubawa. Kowane faifai yana da layinsa, Disk 0, Disk 1, Disk 2, kuma a ƙarƙashin sunan, daga hagu, an rubuta cikakken girmansa. Wannan lambar ta hagu ita ce alƙali. Faifan tera 1 na gaske zai rubuta 931.51 GB a nan, na giga 500 kuma 465.76 GB. Daga dama za ka ga an zana faifan gida-gida. Gidan da ke da shuɗin layi a sama an riga an yanka shi ana amfani da shi. Wanda ke da baƙin layi da kalmar Unallocated fili ne da yake zaune babu mai taɓa shi.

Idan faifan sabo ne dal, Windows za ta iya tare ka da tambayar Initialize Disk, ta ce ka zaɓi MBR ko GPT. Zaɓi GPT, za ka ga dalili a mataki na 4.

Yanzu ka tambayi kanka: lambar hagu ta cika ko ba ta cika ba? Idan ta cika amma akwai baƙin fili, matsalar ta rabo ce, mataki na 3 da na 4 naka ne. Idan ita kanta lambar hagun ce ta gaza, je mataki na 5.

Mai son ganin adadin bait ɗin ƙwaya-ƙwaya ya buɗe PowerShell ya rubuta:

Get-Disk | Select Number, FriendlyName, Size, PartitionStyle

Faifan tera 1 da aka saba gani zai ba da 1000204886016. Ƙirga lambobin, za ka ga har ya ɗan haura tiriliyan ɗayan da aka yi maka alkawari. Masu Mac su buɗe Disk Utility, su shiga View su zaɓi Show All Devices, don idan ba haka ba su ma sassa kawai za su gani. Masu Linux kuma lsblk -b ya ishe su.

Mataki na 3: Idan baƙin fili ne kawai

Danna maɓallin dama na linzami a kan baƙin filin, ka zaɓi New Simple Volume. Bi Next, ka bar girman da ta cike da kanta, ka zaɓi harafi, sannan tsarin fayil. NTFS idan a Windows kaɗai faifan zai yi aiki, exFAT idan zai riƙa yawo tsakanin Windows da Mac. Guji FAT32 a babban faifai, don ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai giga 4, kuma duk mai ɗaukar bidiyon biki ko na taro ya san yadda fayil ɗaya ke wuce haka cikin sauƙi.

Abubuwa biyu ne suka fi jawo baƙin fili a faifan da ake ganin sabo ne.

Na farko, kwafe tsohon faifai kacokan zuwa sabo. Ka kai laftof ɗinka wurin injiniya a cire mata faifan giga 250 a sa na tera 1, ya kwafe komai yadda Windows da fayilolinka za su taso kamar ba a taɓa su ba. Aikin ya yi kyau, sai dai manhajar kwafin ta ɗauko har da girman tsohon sashen, C ya zauna a 232GB, sauran kusan giga 700 suna kwance a baƙin fili. Maganinsa shi ne ka danna dama a kan C ka zaɓi Extend Volume. Amma fa sau da yawa za ka tarar rubutun ya dushe, ya ƙi dannuwa. Dalili shi ne Windows ba ta faɗaɗa sashe sai filin yana manne da shi ta hannun dama, kuma akwai wani ɗan ƙaramin sashe mai suna Recovery, wanda bai cika wuce giga ɗaya ba, da ke shiga tsakani. Kada ka goge shi don haushi, da shi Windows ke gyara kanta ranar da ta ƙi tashi. Hanya mafi aminci ita ce ka mai da filin sabon sashe, D, ka riƙa zuba fayilolinka a can. Ni na ma fi son haka, don ranar da za a sake lodin Windows, C kaɗai za a share. Idan lallai sai C ya faɗaɗa, manhajar GParted ta kyauta tana iya matsar da Recovery zuwa ƙarshe, amma ka kwafe muhimman abubuwanka a wani wuri tukuna, kuma ka tabbatar batirin laftof ya cika ko akwai inbata. Ɗauke wuta a tsakiyar matsar da sashe na iya lalata komai.

Na biyu shi ne faifan waje ko filash da ya koma giga 32. Duba sunansa. Idan ka ga ESD-USB, wani ya yi amfani da shi wajen haɗa abin lodin Windows da manhajar Media Creation Tool. Ita wannan manhaja takan share faifan, ta yanki giga 32 a tsarin FAT32, ta bar sauran a baƙin fili. Idan ba ka buƙatar abin lodin, danna dama a kan sashen, ka zaɓi Delete Volume, filin duka zai haɗe, sai ka yi New Simple Volume. Idan kuwa da akwai kayanka a faifan kafin hakan ta faru, dakata, kada ka rubuta komai a kai. A gwada ceto su da manhajar TestDisk ko PhotoRec kafin a taɓa shi.

Mataki na 4: Faifan da ya maƙale a tera 2

Wannan ya fi cin masu sayen manyan faifai: masu tura finafinai da waƙoƙi a waya, masu tace bidiyo, masu ɗakin ɗaukar hoto. Alamarsa ba ta ɓuya. A Disk Management za ka ga sashe ɗaya mai kusan 2048GB, sai baƙin fili a gefensa wanda ya ƙi karɓar New Simple Volume, ya kuma ƙi Extend. A faifan tera 3 filin zai kai 746GB, a na tera 4 kuma kusan 1,678GB.

Tushen matsalar shi ne MBR, tsarin rubuta taswirar faifai da aka fara amfani da shi tun 1983. Faifai yana ajiye bayanai ne a ƙananan gidaje masu bait 512 kowanne, kuma MBR yana da gurbin lamba 32 ne kawai, kowanne 0 ko 1, na ƙirga gidajen, wato ba ya wuce gida 4,294,967,296. Ninka wannan da 512, za ka samu bait 2,199,023,255,552, wanda shi ne daidai 2048GB a ƙirgar Windows. Duk gidan da ya wuce nan, MBR ba shi da lambar da zai kira shi da ita. GPT shi ne sabon tsarin da ya cire wannan iyaka, kuma a Windows yana ɗaukar sassa har 128, a maimakon manyan sassa 4 na MBR.

Don ka san wanne ne a naka, danna dama a kan sunan faifan daga hagu, ka shiga Properties, sannan Volumes, ka karanta layin Partition style.

Idan faifan na ajiya ne kawai, ba daga shi Windows ke tashi ba, ga yadda ake yi. Kwafe duk abin da ke ciki zuwa wani wuri, domin aikin zai share shi tas. Goge sassan ɗaya bayan ɗaya da Delete Volume har layin ya zama baƙi daga farko zuwa ƙarshe. Danna dama a kan sunan faifan, ka zaɓi Convert to GPT Disk. Filayen biyu za su haɗe su zama ɗaya, sai ka yi New Simple Volume.

Idan wani sashe ya ƙi goguwa, buɗe Command Prompt da izinin Administrator ka rubuta waɗannan, kowanne ka bi shi da Enter:

diskpart
list disk
select disk 2
detail disk
clean
convert gpt
exit

A nan nake so ka nutsu ƙwarai. Lambar 2 misali ce, naka zai iya zama 1 ko 3. Umarnin clean ba ya tambayar ko ka tabbata. Kana danna Enter ya share taswirar duk faifan da ka zaɓa, ko da wanda ke ɗauke da aikinka na shekara goma ne. Shi ya sa na sa detail disk a tsakani. Karanta sunan faifan da ya fito, ka gwada shi da wanda ke jikin kwali, sannan ka ci gaba. Ka kuma cire duk wani filash ko faifan waje da ba ruwansa da aikin kafin ka fara.

Idan kuwa a kan babban faifan aka loda Windows, hanyar daban ce. Tun Windows 10 sigar 1703 ta shekarar 2017 akwai umarnin mbr2gpt da ke juya faifan ba tare da share kaya ba. Ana fara gwaji da mbr2gpt /validate /allowFullOS, idan ya amince sai a yi mbr2gpt /convert /allowFullOS. Sharuɗɗansa: kwamfutar ta zama mai UEFI, wato sabon tsarin tayar da kwamfuta, manyan sassan faifan kada su wuce 3, a kuma dakatar da BitLocker, makullin faifai na Windows, idan yana kunne. Bayan an gama dole a shiga BIOS, wato shafin saitin da ake buɗewa kafin Windows ta tashi, a sauya yanayin tashi daga Legacy zuwa UEFI, idan ba haka ba kwamfutar ba za ta tashi ba. Tsohuwar kwamfutar da ba ta da UEFI ba za ta iya tayar da Windows daga GPT ba. Mai irinta ya bar Windows a ƙaramin faifai, babban ya zama na ajiya.

Abu ɗaya da za ka sa a rai: wasu tsofaffin talabijin da dikoda ba sa karanta GPT. Idan faifan bai wuce tera 2 ba kuma a jikin talabijin zai zauna, MBR ba shi da aibu.

Mataki na 5: Idan lambar hagu ce ta gaza

Nan maganar ta wuce rabo. Ko dai wani abu a hanya ne ke hana kwamfutar ganin faifan duka, ko kuma faifan bai kai abin da aka ce ba.

Fara da lambar samfurin, wadda ke fitowa a FriendlyName ko a detail disk. Tana faɗin girman da kanta. A Seagate, ST500 giga 500 ne, ST1000 tera 1, ST2000 tera 2. A Western Digital, WD5000 giga 500, WD10 tera 1, WD20 tera 2, WD40 tera 4. A Toshiba duba ƙarshen lambar: MQ01ABD100 tera 1, MQ01ABF050 giga 500. Idan kwali da sitika suna cewa 1TB amma kwamfuta ta karanto ST500, magana ta ƙare, an sauya sitika ko an sa ƙaramin faifai a babban kes. Wannan ya fi faruwa da faifan waje, inda ba ka ganin abin da ke cikin robar.

Idan lambar samfurin ta dace amma girman bai dace ba, sauya hanyar da ka jona shi. Cire shi daga kes ɗin USB ka haɗa kai tsaye da wayar SATA a cikin wata kwamfutar tebur, ko ka gwada wani kes. Tsofaffin kes da yawa ba sa ganin abin da ya wuce tera 2. Alamar da aka sani ita ce faifan tera 3 ya fito gaba ɗayansa a 746GB, wato ƙirgar ta kai iyaka ta zagayo ta fara daga sifili. Tsohon direban Intel Rapid Storage Technology, wanda ya gabaci siga ta 10.1, shi ma yana jawo wannan, kuma sabunta shi ke magance ta. Leƙa BIOS ma ka ga abin da ya karanto: F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad, Del a yawancin kwamfutocin tebur da aka harhaɗa. Idan BIOS ya ga girman daidai, laifin na direba ne a cikin Windows.

Wanda ya ga 128GB ko 137GB a babban faifai, tsohuwar na'ura yake fama da ita, irin ta zamanin Windows XP ta farko.

Saura abu ɗaya da ba kowa ya sani ba. Ana iya umartar faifai ya ɓoye wani yanki na ƙarshensa, ya riƙa faɗin girman da bai kai nasa ba. Sunan wannan HPA. A Linux, hdparm -N /dev/sdb zai nuna lambobi biyu, abin da faifan ke nunawa da ainihin abin da yake da shi. Idan sun bambanta, akwai ɓoyayyen yanki, kuma ana iya buɗe shi. Sai dai wannan aikin na wanda hannunsa ya faɗa ne. Idan faifan sabo ne da garanti, mayar da shi ya fi.

Mataki na 6: Sabuwar laftof da C ɗinta ya riga ya ɗauki kaya

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Girman faifai daban, filin da ya rage daban. Laftof mai 256GB tana farawa ne daga 238GB, a cire ƙananan sassan EFI da Recovery, a cire Windows kanta, da fayilolinta pagefile.sys da hiberfil.sys waɗanda girmansu ke bin yawan RAM, da kusan giga 7 da Windows ke keɓewa don sabuntawa, da foldar Windows.old idan an ɗaga siga kwanan nan. Shiga Settings, System, Storage ka ga abin da ya ci wurin, ka share na wucin gadi daga nan. A Linux kuma tsarin ext4 yana keɓe kashi 5 cikin 100 na sashe, ana rage shi da tune2fs idan faifan na ajiya ne kawai.

Mataki na 7: Gwada faifan, ko da lambar ta yi daidai

Wannan matakin ya fi duk na baya muhimmanci a wurina, kuma shi aka fi tsallakewa. Girman da kwamfuta ke nunawa ba aunawa ta yi ba, tambayar faifan ta yi ya faɗa mata. 'Yan damfara suna sauya ɗan guntun da ke ba da amsar, sai memori mai giga 64 ya ce shi tera 2 ne ko tera 16. A 2022 an fallasa wani da ake tallarsa a intanet a matsayin SSD mai tera 30 a kan kuɗin da bai kai dala 40 ba. Da aka fasa robar, ƙananan memori biyu aka samu an manne da gam. Muguntar abin ita ce kwafi yana tafiya lafiya, sunayen fayiloli suna nan reras, amma da an wuce ainihin girman, sabbin bayanai ko dai su hau kan tsofaffi ko su tafi a banza. Sai bayan wata biyu amarya ta zo karɓar bidiyon bikinta, ka danna fayil ya ƙi buɗewa.

Manhajar H2testw, wadda mujallar c't ta Jamus ta fitar kyauta, ita ce aka fi yarda da ita. Yi gwajin tun faifan babu komai a ciki. Buɗe ta, ka sauya harshe zuwa Turanci, ka danna Select target ka zaɓi faifan, ka bar zaɓin all available space, sannan Write + Verify. Za ta cika faifan da fayiloli masu giga ɗai-ɗai, ta dawo ta karanta su. Idan ta ce Test finished without errors da adadin da ya dace, girman na gaske ne. Idan ta yi ja ta ce The media is likely to be defective, za ta nuna maka nawa ne mai kyau, nawa ya ɓace. Aikin yana cin lokaci. Faifan tera 1 a ramin USB 3.0, mai shuɗin ciki, zai ɗauki kamar awa 3 wajen rubutu da kusan haka wajen karatu. A USB 2.0 rubutun kaɗai zai haura awa 9. Ka zaɓi lokacin da wuta ta tsaya, ka hana kwamfutar yin barci. Idan a shago kake kana sauri, ValiDrive tana taɓa wurare daban-daban a faifan USB ta ba ka amsa cikin ɗan lokaci, ko da yake ba ta kai H2testw zurfi ba. Masu Linux da Mac suna da F3.

Daga nan buɗe CrystalDiskInfo ka duba ko sabon naka sabo ne. Power On Hours yana nuna awannin da faifan ya yi a kunne, Power On Count kuma sau nawa aka kunna shi. Sabon faifai bai kamata ya wuce 'yan awannin gwajinka ba. Layukan 05 da C5 da C6 su zama sifili a ɓangaren Raw Values, Health Status kuma ya ce Good da shuɗi. Ruwan ɗorawa na Caution a faifan da aka sayar maka a matsayin sabo dalili ne na mayarwa nan take. Babu laifi a sayen na hannu idan an faɗa maka na hannu ne kuma farashin ya nuna haka. Amma ka sani ana iya goge waɗannan lambobin. A farkon 2025 an gano manyan faifan Seagate da suka yi dubban awanni suna aiki, wasu dillalai sun mai da agogonsu sifili suna sayarwa a matsayin sababbi, kuma wani rikodin na daban mai suna FARM ne ya tona asirin. Ana karanta shi da smartctl -l farm a sababbin sigogin smartmontools. Sannan ka ɗauki lambar siriyal ka sa a shafin duba garanti na kamfanin. Idan ya ce garantin ya ƙare ko bai san lambar ba, ka samu ƙarin hujja.

Mataki na 8: Idan ta kama a koma shago

Ko a Beirut Road ta Kano ka saya, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, ko ta intanet aka aiko maka, hujja ce ke aiki. Ɗauki hoton Disk Management inda lambar hagu ta fito, da hoton sakamakon H2testw, da na CrystalDiskInfo mai nuna lambar samfuri da siriyal. Haɗa da rasit da kwali, ka tafi da laftof ɗinka idan da hali, kuma ka je da wuri, don yawancin shaguna garantin gwaji na 'yan kwanaki suke bayarwa. Ka shiga da sallama, ka ce, "Alhaji, ga abin da kayan nan ya nuna mini, don Allah a jona a gani tare." Mai shagon ma sau da yawa a kwali ya saro bai buɗe ba, kuma hoton da ka kawo da shi zai mayar wa dilansa. Idan za a canza maka, a rubuta lambar siriyal ɗin sabon a kan rasit, a jona shi a gabanka ka karanta lambar samfurin da ta hagun Disk Management, ka gudanar da ValiDrive idan na USB ne, cikakken gwajin H2testw kuma ka yi shi a gida a daren ranar.